Amaryar Da Ba A Kai Kirk Ba

A tsibirin Brettay, in ka tambayi Merran Drever sai an ɗan yi shiru kafin a gane wadda kake nufi. In ka ce Amarya kuwa, nan take za a nuna maka hanyar gonar Kirbister. Shekarunta saba'in da uku, haƙoranta na sama na likita ne, ƙugunta na hagu ƙarfe ne da aka sa mata a asibiti, amma Amarya ake ce mata. Har mai kawo wasiƙa, wanda bai kai sa'ar 'yarta ba, Amarya yake kiranta, ita kuma ta amsa ba tare da ta ɗago kai daga kajinta ba.

Asalin abin tun shekarar 1971 ne. A tsibirin nan aure ba ya kammala ranar da aka ɗaura shi. Ana ɗaurawa ranar Alhamis, a ci a sha a taka rawa, sannan ranar Lahadi ta farko ango ya saƙalo hannun amaryarsa su shiga kirk, wato cocinsu, tare a gaban jama'a, su zauna benci ɗaya. Wannan shi ake kira kai amarya kirk. Kafin a kai ta, in ji tsofaffi, amarya ba ta taka gidan kowa, don ƙafarta na ɗauke da tsautsayi: madara ta tsinke, saniya ta yi ɓari, kaza ta daina ƙwai. Ko a lokacin ma 'yan mata dariya suke wa zancen. Merran kanta ta yi dariyar.

An ɗaura aurenta da Erlend Drever a rumbun mahaifinta, kamar yadda aka saba, Fasto ya zo har can da takalminsa mai sheƙi ya tsaya tsakanin buhunan sha'ir. Ranar Lahadi ta sa shuɗiyar hular da ta saya a birnin Kirkwall musamman don wannan rana. Erlend ya sa kwat ɗin bikinsa, ya ɗauko ta a bayan tarakta, ya sauke ta a bakin ƙofar makabartar da ta kewaye kirk ɗin, ya kashe inji, ya gyara zama.

"To, sauko mana," in ji ta.

"Je ki, ina nan."

"Kana ina?"

"Nan. Ai kin san mu ba ma shiga."

Ta sani, kowa ya sani. Ta dai ɗauka cewa abin da ake faɗa ne kawai, irin wanda aure kan warkar.

A 1843, lokacin da kirk ɗin ƙasar gaba ɗaya ya dare gida biyu, attajirin da ke da tsibirin ya kawo wani Fasto nasa ya ɗora wa jama'a ba da son ransu ba. Kakan kakan Erlend ya miƙe ana tsakiyar wa'azi, ya ɗauki hularsa, ya fita, rabin tsibirin suka bi bayansa. A bakin ƙofa ya juya ya rantse cewa babu wani ɗan gidan Drever da zai sake tsallake dokin ƙofar nan. Suka gina nasu kirk ɗin a kan tudu. Bayan shekara tamanin da wani abu aka shirya, aka koma abu ɗaya, kirk ɗin kan tudu ya zama wurin ajiyar ciyawa. Kowa ya koma tsohon ginin, ban da 'yan gidan Drever. Su a gida suke karatun Littafi da addu'a safe da yamma, kuma in ana maganar tsoron Allah ba su da na biyu a tsibirin. Attajirin ya mutu, Fastonsa ya mutu, zuriyarsu ta watse ba a ma san inda take ba, rantsuwar na nan daram tana cin tuwo a gidan Drever.

Ranar Lahadin bikin nan Merran ta shiga ita kaɗai da shuɗiyar hularta, babbar ƙawarta Bella Rendall na biye da ita tana ta zungurinta da gwiwar hannu don kada ta yi kuka. Da aka tashi, wata tsohuwa ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ayya, ba a kai ki ba ke nan. Kar ki biyo ta gidana, saniyata na da ciki."

Wasa tsohuwar take yi, ko kuma rabi wasa ne. Amma Merran ta cafke maganar kamar an miƙa mata sanda. A hanyar gida, tana tsaye bayan tarakta iska na neman raba ta da hula, ta yi ihu a kunnen mijinta:

"Erlend Drever, ka ji da kyau! Ba zan taka gidan kowa a tsibirin nan ba sai ranar da ka kai ni kirk!"

"Madalla," in ji shi. "Za a samu sauƙin gulma."

A lissafinta abin ba zai wuce mako biyu ba. Ta mayar da hular cikin kwalinta ta ɗora saman kwabet, wurin da hannu zai kai da sauƙi.

Shekara hamsin da ɗaya aka yi a haka. Tana shiga kanti, tana shiga zauren taro, tana shiga gidan iyayenta har suka rasu, don can ba gidan wani ba ne. Gidan maƙwabta kuwa, iyakarta bakin ƙofa. In an haihu ta kawo miya ta miƙa daga waje. In an yi rasuwa ta tsaya a tsakar gida cikin ruwan sama da kwanon biskit a hannu. Babu dokin ƙofar da ba ta sha shayi a kansa ba a Brettay, har wasu suka ajiye mata kujera a waje, kamar yadda ake ajiye wa mage kwano.

Shi kuma duk Lahadi zai kawo ta, da farko a tarakta, daga baya a mota. Ya tsaya jikin katanga, ya sauke gilashi yatsa biyu, ya buɗe filas, ya jefa alawar minti a baki. Ta taga yake jin Zabura, yana bi ƙasa-ƙasa, kuma bai taɓa kuskuren baiti ba. A hanyar gida shi ke yi wa wa'azin gyara.

"Ya yi tsawo. Kuma ya ɓata a aya ta tara."

"Ka shiga ka faɗa masa mana."

"Ai ke za ki isar."

Da farko ya ce ta yi haƙuri sai bayan ran mahaifinsa, don tsohon ba zai iya ɗaukar abin ba. Tsohon ya yi ta rayuwa kamar da gayya har 1983. Da aka yi sati da binne shi, Merran ta sauko da kwalin hula ta ajiye kan tebur. Erlend ya dubi kwalin ya daɗe.

"Da yana da rai zan iya roƙonsa ya yafe mini," ya ce. "Yanzu wa zan roƙa?"

Kwali ya koma saman kwabet. 'Yarsu ɗaya, Inga, a kicin aka yi mata baftisma da kwanon kwaɓa fulawa. Ta girma ta tafi Aberdeen aikin jinya, kuma duk sa'ad da ta zo hutu sai ta ce su biyun asibiti ya kamata a kai su, ba kirk ba.

Kada a ɗauka zaman faɗa suke yi. Haba. Shi ke kawo mata shayi har gado duk safiya, ita ke yanke masa gashi, kuma ba su taɓa kwana da fushi a kan komai ba, in ban da wannan abu ɗaya da ya zama musu kamar wani tsohon kare da ke kwance a ƙofar ɗaki, kowa ya tsallake shi ya wuce.

Abin haushin shi ne, babu wanda ya san kirk ɗin nan kamar Erlend. Ya san shekarar da aka aza kowane dutse. Da bazara in baƙi masu yawon buɗe ido suka tsaya da kekunansu suna ɗaukar hoto, shi ke fitowa daga mota ya yi musu bayani, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba.

"Kirk muke cewa, ba coci ba," yakan ce. "Kuma ba mu muka ƙago kalmar ba. Mutanen arewa masu dogayen jiragen ruwan nan su suka sauke ta a nan, su kirkja suke cewa. Su ma a bakin wasu suka tsinta, in ka bi ta har tushe sai ka isa wurin Girkawa, kuma ma'anarta ba ta wuce 'na Ubangiji' ba. Gidan Ubangiji ke nan. Mutanen kudu suka yi ta taunarta har ta yi laushi ta koma coci. Mu haƙoranmu na da ƙarfi, muka bar ta da ƙashinta. Kirkwall ɗin da kuka kwana jiya, mashigin ruwan kirk ke nan. Gonata ma, Kirbister, gonar kirk take nufi."

Wata baƙuwa ta taɓa tambayarsa, "Cikin fa, Baba? Yana da kyau?"

"An ce ba laifi," in ji shi.

Merran ta ji wannan bayani ya fi sau ɗari. Rannan ta tare shi a mota.

"Da bakinka ka ce gidan Ubangiji ne. Ban ji ka ce gidan wani attajiri da ƙashinsa ya zama ƙasa ba."

"Kalmar nake bayani, ba ginin ba."

"To kalmar za ta kai ni, ko kai?"

Ya tada mota.

Sai kuma maganar rufi. Tun wajen 1980 kirk ɗin ya fara yoyo, ruwa na ɗiga kusa da tagar yamma. Erlend shi ne gwanin rufi a tsibirin, kuma rantsuwar ba ta ce komai a kan tsani ba. Duk bazara zai jingina tsaninsa ya hau gefen yamma ya canza fale-falen dutsen rufin, ya share indararo, ya shafe ƙofa da fenti ta waje, ko sisi ba ya karɓa. Duk damina ruwa ya dawo. Merran ce mai share kirk ɗin ranar Asabar, ita ke zubar da bokiti ta mayar.

"A ina daidai yake ɗiga?" yakan tambaya.

"Inda yake ɗiga bara. Zo ka gani da idonka."

Wattie Rendall, mijin Bella, shi ne mai kula da kirk: shi ke buga ƙararrawa, shi ke ɗaukar babban Littafi ya hau da shi mumbari, ya sauko, ya jira Fasto ya hau, ya rufe masa 'yar ƙofar. Wattie ya auna wurin ɗigon da taku, ya zana wa Erlend a bayan ambulan. Erlend ya hau ya gyara daidai wurin, ruwa ya ci gaba da zuba.

Bella kuwa, ita ce ta fi kowa shan wahalar taurin kan nan. Tun aji ɗaya suke tare da Merran. Kusan kullum da hantsi Merran za ta gangara gidanta, ta zauna bakin ƙofar kicin a kan tsohuwar kujerar tatsar nono, Bella ta miƙo mata shayi a wani kofi mai fasasshen baki.

"Ungo, Amarya. Mai bakin zinariyan yana ciki yana jiranki. Ba zan fito da kofina mai kyau waje ba saboda haukanki."

"Ajiye shi. Ya kusa."

"Haka kika ce shekarar da aka kawo wutar lantarki."

Bayan aikin ƙugu, matakala uku na ƙofar kirk suka fi ƙarfin Merran, sai da hannun wani. Bella ce ke ba ta hannu duk Lahadi, tana cewa ita dai ta kai amaryar nan kirk ya fi sau ɗari biyu amma an ƙi a ƙirga.

Da sanyin bara Bella ta kwanta. Likita ya zo a jirgin fito, ya koma bai daɗe ba, kowa ya gane. Ta ce ba za ta mutu a asibiti ba. Wattie ya jawo mata kujerar hutu jikin tagar kicin, ya riƙa ɗaga tagar kamar taƙi ɗaya. Merran ta ɗauke kujerar tatsa daga bakin ƙofa ta kai ƙarƙashin tagar. Mako bakwai tana zuwa kullum, cikin kwat biyu da hular ulu mai ruwan ƙasa, ta jingina da bango saboda iska, suna hira ta 'yar kafar nan.

Sau ɗaya tak Bella ta roƙe ta.

"Ke Merran, wane tsautsayi ya rage da za ki kawo mini? Saniya ba ni da ita. Shigo mana, ki riƙe mini hannu."

Merran ta tashi. Ta kai har bakin ƙofa, ta ɗora hannu a kan mariƙi. Sai ta tuna ranar Laraba ce, Lahadi saura kwana huɗu, kuma ai yanzu dole Erlend ya sauko, in ba dutse ba ne a ƙirjinsa. In ta shiga yau, shekara hamsin sun tafi a banza. Ta koma ƙarƙashin taga ta ce, "Litinin zan shigo, da shuɗiyar hulata. Ki wanke kofin."

Da ta koma gida ta faɗa masa ba wasa a muryarta. "Lahadi ɗaya nake roƙo. Minti biyar. Ka shiga da ni ka fito."

Ya daɗe yana juya cokali a shayi. "Bari mu ga Lahadin," ya ce.

Bella ta rasu ranar Juma'a da hantsi. A nan zancen ya daina ba kowa dariya. Su biyun sun yi laifi, kuma su biyun sun san sun yi, shi ya sa babu wanda ya ɗora wa ɗan'uwansa. Merran ta tsaya a tsakar gida aka fito da akwatin ta gabanta. Erlend na cikin waɗanda suka riƙe igiyar sauke akwatin a bakin kabari, taku goma daga ƙofar da ba ya shiga. Ranar Lahadi ya kawo ta kamar kullum, ita ba ta tambaya ba, shi ya tsaya jikin katanga. Wattie ne ya ba ta hannu a matakala. Tun daga lokacin hirar wa'azi a mota ta mutu.

Da bazara takarda ta zo daga manyan ikilisiya. Masu zuwa sujada sun koma tara, babban gungumen da ke riƙe da rufin ya ruɓe, gyaransa ya fi ƙarfin mutum tara. Za a yi sujada ta ƙarshe Lahadin ƙarshen Satumba, sannan a sayar da ginin. Fasto Moira, wadda ke zuwa a jirgin fito sau ɗaya a mako uku, ita ta karanta takardar daga mumbari, Erlend kuma ya ji ta taga.

Da yamma ya yi gyaran murya. "Na yi tunani. Da zarar an sayar, ai ya tashi daga kirk. Ranar zan kai ki ciki da kaina, ki zaga har ki gaji."

"A lokacin rumbu ne," in ji Merran. "Rumbu kuwa a cikinsa aka ɗaura mini aure, na ga yadda yake."

Lahadin ƙarshe ta zo da yayyafi da iska. Merran ta hau kujera da ƙugun ƙarfenta ta sauko da kwalin. Hular ta koɗe ta gefe ɗaya, kuma yanzu ta yi mata yawa. Erlend ya gan ta a kanta, ya je ya tada mota.

Kirk ya cika ranar, mutum ya fi sittin, har waɗanda suka bar tsibirin tun suna matasa sun dawo a jirgin safe. Wattie na jan igiyar ƙararrawa. Ƙa'idarsa ita ce ba ya sakin igiya sai mutum na ƙarshe ya shiga, kuma shekara da shekaru mutum na ƙarshe Merran ce. Ta sauka daga mota, ta taka a hankali har gindin matakala, ta tsaya.

Wani ya miƙo mata hannu, ta ce ta gode. Fasto Moira ta fito da lema.

"Mama, kawo hannunki, ruwa na dukanki."

"Na gode, Fasto. Ina da mai kawo ni."

Fasto ta dubi motar da ke jikin katanga, ta dubi hular, ta koma ciki.

Ƙararrawar da aka saba bugawa minti biyar ta kai minti goma. Ta kai ashirin. Wattie shekarunsa tamanin da ɗaya, kafaɗarsa ta dama ba ta ɗaguwa sosai, bugun ya fara tafiya kamar gurguwar akuya, amma bai tsaya ba. A ciki mutum sittin sun zauna tsit suna kallon gabansu, kowa na yi kamar haka ake yi duk mako. Merran ba ta waiwaya ba. Tsoro take ji, tsoro sosai, don ta san in yau ta wuce babu wata Lahadin kuma. Ruwa ya fara bin gefen hular yana gangarowa wuyanta.

Ta ji an rufe ƙofar mota. Ta ji takunsa a kan tsakuwa. Ya zo ya tsaya gefenta, hannuwansa cikin aljihu, yana duban indararon da ya share watan jiya.

"Wattie zai mutu a kan igiyar nan," ya ce.

"Zai mutu kuwa."

"Hular ma za ta lalace."

"Ta saba da jira."

Ya dubi dokin ƙofar, wani baƙin dutse da ƙafafu suka siɗe tsakiyarsa, ban da ƙafar gidansu.

"In mun je can, ke za ki yi wa Baba bayani."

"Na daɗe ina shirya abin da zan faɗa masa."

Ya ciro hannu daga aljihu, ya cire hularsa, ya lanƙwasa gwiwar hannunsa ya miƙa mata. Ta saƙala nata. Ya damƙe ta sosai, har ta rasa wa ke riƙe da wa. Suka hau ɗaya, biyu, uku. A kan dokin ƙofa ya ɗan tsaya kamar mai auna zurfin ruwa, sannan ya tsallaka. Ƙararrawa ta yi shiru.

Babu wanda ya juyo. Mutum sittin suka duƙufa a kan littattafan waƙarsu kamar yau suka fara ganin rubutu. Merran ta ja shi har bencinta, na huɗu daga gaba, suka zauna. Wattie ya shigo yana haki, ya ɗauki Littafi ya hau da shi, ya sauko, ya rufe wa Fasto 'yar ƙofa, ya share fuska da hannun riga.

Aka ɗauki Zabura ta farko. Erlend bai buɗe baki ba, kansa na sama. Idonsa ya bi bokitin da ke jikin tagar yamma, ya hau bango, ya kama gungumen, ya bi baƙin tabon danshi da ke jikinsa a hankali, har can ɗaya ƙarshen ginin.

"Ba yamma ba ne," ya raɗa mata.

"Me?"

"Yoyon. Ta gindin ɗakin ƙararrawa yake shiga, ya bi gungumen ya zo ya sauka can. Aikin rabin yini ne." Ya sake bin gungumen da ido. "Shekara arba'in ina gyaran gefen da lafiyarsa ƙalau."

Tana da amsa, amsa mai kyau ma, wadda ta daɗe a ajiye. Ta dubi fuskarsa, sai ta buɗe jaka ta sa masa alawar minti a tafin hannu.

Da aka tashi Fasto Moira ta tsaya a ƙofa tana gaisawa da mutane. Ta kama hannun Merran ta ce, "Sannu, Uwargidan Kirbister." Merran ta waiwaya ta ga ko da wa ake.

Wattie ya kulle ƙofa, ya jefa makulli a aljihu, ya zo yana murza kafaɗa.

"Ni dai zan je in ɗora ruwan shayi," ya ce, yana kallon ƙasa. "In akwai mai sha."

Gidan ba nisa. A bakin ƙofar kicin Merran ta goge takalminta ya fi yadda ya kamata, sannan ta shiga. Ta san ɗakin daga ƙofa, ta san teburin da murhun da agogon bango, amma ba ta taɓa sanin akwai hotonta da Bella na ranar biki a bayan ƙofar ba. Wattie ya buɗe kwabet ya ɗauko kofi mai bakin zinariya. A wanke yake, an kife shi kan farin ƙyalle.

"Ranar Larabar da kika ce za ki shigo, Bella ta sa na wanke," ya ce. "Zauna can, ya fi ɗumi."

Kujerar hutun tana nan jikin taga. Merran ta zauna, ta karɓi shayi, ta duba waje. Erlend bai biyo su ciki ba. Jiki ya saba, ya tsaya a waje, ya samu kujerar tatsa ƙarƙashin taga ya zauna, ya jingina da bango saboda iska. Daga inda take zaune ba ta ganin fuskarsa, ba ta ganin kafaɗarsa. Saman hularsa kaɗai ke leƙowa ta ƙasan gilashi.

Ta daɗe tana kallon hular. Mako bakwai ke nan, ashe, abin da Bella ke gani, kuma ko sau ɗaya ba ta faɗa ba. Ta ajiye kofin a kan farantinsa, ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ranar jana'iza. Wattie ya juya baya yana ta goge murhun da ba shi da datti.

Da ta samu numfashi, ta ƙwanƙwasa gilashin da zobenta. Hular ta motsa.

"Kai tsoho," ta ce. "Shigo ciki in ga fuskarka."